Kwana biyu a Santambul da Hajiya da yara: abin da bene ya koya mini

 

Yau maganar tafiya za mu yi. Tun da na sa hotunan Santambul ɗin nan saƙonni suke shigo mini, kusan duk tambaya ɗaya ce: jirginmu zai yada zango a wani gari, muna da kwana ɗaya ko biyu, muna tare da iyali, ina za mu sauka, me za mu gani? To na ce maimakon in yi ta amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, bari in zauna in ba ku labarin yadda tamu ta kasance, har da kuskuren da na tafka, don kada wani ya maimaita.

Mu biyar ne muka yi tafiyar: ni, da maiɗakina, da yaronmu ɗan shekara 7, da Auta mai shekara 2, sai mahaifiyata, Hajiya. Umara za mu je, tikitin da muka samu kuma ta Santambul ya bi, wato Istanbul ta ƙasar Turkiyya. Sai na ce tunda dai ta nan za a wuce, me zai hana mu tsaya kwana biyu mu ga gari? Daga Abuja muka tashi da dare, muka sauka da sassafe ranar Litinin, jirgin Saudiyya kuma sai Laraba da yamma.

Kafin in shiga labarin, magana ɗaya tukuna, domin idan ba ta yiwu ba sauran duk tatsuniya ce. Mai fasfon Najeriya ba ya fita daga filin jirgin Santambul sai da biza, kuma kowa da tasa, har jaririn da ke goye. Idan canjin jirgi kawai za ka yi ba tare da ka fita ba, wannan daban. Dokokin biza suna canjawa, don haka ka tabbatar da su daga ofishin jakadanci kafin ka biya ko sisi na otal. Sannan idan zangon naka gajere ne, tsakanin awa 6 zuwa 24, kamfanin Turkish Airlines yana da wani tsari da ake kira Touristanbul, suna zagayawa da fasinjojinsu cikin gari kyauta su dawo da su. Shi ma sai kana da izinin shiga ƙasar. Mu namu ya wuce awa 24, don haka mu muka tsara wa kanmu.

To, ni ne na kama otal. Na zauna da waya da daddare ina ta duba hotuna, na ga wani mai kyau, ga araha, an rubuta yana kusa da Masallacin Sultan Ahmed, tafiyar 'yan mintuna. Na duba taswira, na ga lallai kusa ne. Har akwai ragi idan ka zaɓi kuɗin da ba a mayarwa. Na ce kai, wannan ai tsuntsu daga sama gasasshe, na biya nan take ina jin ni gwani ne.

Wallahi da motar haya ta sauke mu, tun daga bakin layin na san akwai magana. Motar ba ta iya shiga ba, layin ya yi ƙanƙanta, ga shi gangare, ga shi an shimfiɗa shi da duwatsu. Muka jawo akwatuna, keken Auta yana ta karkarwa kamar zai wargaje. Muka isa, aka ce ɗakinmu yana hawa na huɗu. Na ce ina lifta? Mutumin ya yi murmushi ya nuna mini wata matattakala siririya mai murɗewa. Tsohon gida ne aka mayar otal, babu lifta kwata-kwata. Kuma ƙari a kan haka, ƙarfe 9 na safe ne, ɗaki ba zai samu ba sai ƙarfe 2 na rana.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Ta ɗaga kai ta dubi benen nan, ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Ɗan nan, da wace ƙafar zan yi ɗawafi idan na ƙarar da ita a nan?”

Maganar nan ta shige ni. Domin gaskiya ta faɗa. Nan da kwana biyu ɗawafi ne zagaye 7, sannan Safa da Marwa sau 7, wanda shi kaɗai ya kai kusan kilomita 3. Matar da ta shekara tana jiran wannan tafiya, ni kuma don in rage 'yan kuɗi na kawo ta inda gwiwarta za ta kumbura tun ba a kai ko'ina ba. Kuɗin ba sa dawowa, na sani. Haka na haƙura da su, na zaunar da su a wani shagon shayi, na fita da ƙafa na nemo wani otal a unguwar Sirkeci, kusa da tashar tarago, wuri shimfiɗaɗɗe, mai lifta. Na biya sau biyu. Araha ba ta ado, ranar na gane ma'anarta da aljihuna.

Daga nan na fitar da ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe daga shirin yau: idan kana tafiya da iyali, da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinku ake zaɓen masauki, da ita kuma ake tsara yawo. Kai saurayi ne, kana iya hawa bene goma da akwati a ka. Amma tafiyar ba taka ba ce kai kaɗai. Wanda ya fi saurin gajiya shi ne ma'auni, ko tsohuwa ce, ko mai ciki, ko ɗan shekara biyu.

Bari in warware muku abin da nake dubawa yanzu kafin in kama ɗaki.

Na farko, wane filin jirgi ne. Santambul filayen jirgi biyu gare ta. Akwai babban sabon filin da aka buɗe a 2018, yana ɓangaren Turai, can arewa da gari, fiye da kilomita 40 daga tsohon birni. Akwai kuma Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Ka duba tikitinka da kyau, wanda za ka sauka da wanda za ka tashi, domin ba lallai su zama ɗaya ba. Idan zangonka dare ɗaya ne kawai, ka sauka ƙarfe 11 na dare ka tashi da hantsi, kada ka wahalar da kowa, ka kwana kusa da filin jirgi. Shiga gari sai idan kana da cikakken yini.

Na biyu, taswira ba ta nuna tudu. Wannan shi ya ci ni. Tsohon birnin Santambul a kan tuddai yake, daga Sultanahmet ka gangara wajen teku, dawowa hawa ne sosai. Mita 600 a shimfiɗe daban, mita 600 a tudu da keken yaro daban. Ka buɗe Google Maps, ka shiga hoton titin da kansa, ka ga ƙofar otal ɗin da idonka. Mota tana isa bakin ƙofa? Akwai matattakala kafin a shiga? Tashar tarago ko ta bas mintuna nawa ce?

Na uku, ka tambaya a rubuce. Kada ka dogara da hotuna, kowane otal a hoto fada ne. Ka tura musu saƙo: akwai lifta? Tana kaiwa hawan da ɗakinmu yake? Mu biyar ne, ɗaki ɗaya zai ɗauke mu ko sai biyu? Ana ba da gadon jariri? Otal-otal da yawa a can ɗakunansu ƙanana ne, kuma suna da iyakar mutanen da za su kwana a ɗaki, ba irin namu ba ne da za a shimfiɗa tabarma a ƙasa a ce a yi maneji. Mu ɗaki biyu muka kama masu kallon juna, Hajiya da yaron a ɗaya, mu da Auta a ɗaya. Amsar da suka ba ka ka ajiye ta a waya.

Na huɗu, lokacin shiga ɗaki. Yawancin otal sai wajen ƙarfe 2 na rana suke ba da ɗaki, jiragen da ke tasowa daga wajenmu kuma da yawa da safe suke sauka. Ka yi tunanin yara da suka kwana a zaune cikin jirgi, sannan a ce su jira awa biyar a kan kujera. Ko dai ka roƙi a ba ka ɗaki da wuri tun kafin ka taso, ko kuma idan da hali ka biya daren da ya gabata, ka sanar da su cewa da safe za ka iso don kada su ba wani. Da farko za ka ga kamar asara ce. Ranar da ka sauka da yara suna kuka za ka san ba asara ba ce.

Na biyar, ƙananan abubuwa masu girma: firij don madarar yara da maganin da ke son sanyi, butar dafa ruwa, da karin kumallo a cikin kuɗin ɗaki. Karin safensu burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai, sai shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Yara sun ci burodi da ƙwai, Hajiya kuwa ta dubi zaitun ta ce a kai kasuwa. Allah ya taimaka ta taho da garin kununta da yajinta, butar nan ita ta cece mu. Sannan soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga, ka taho da adafta.

Na ƙarshe a kan masauki: idan za ka karanta sharhin waɗanda suka taɓa sauka, ka nemi na masu iyali, kuma ka fara da waɗanda suka yi ƙorafi. A nan za ka ji maganar hayaniyar dare, da ruwan zafi, da lifta da ta lalace. Kuma don Allah ka zaɓi wanda ake iya sokewa a mayar maka da kuɗi, ko da ya ɗan fi tsada. Jirgi yana canja lokaci, biza tana makara, yaro yana tashi da zazzaɓi.

To yanzu yawo. Kun san wurare nawa na rubuta a takarda kafin mu taso? Goma sha ɗaya. A kwana biyu! Maiɗakina ta gani ta yi dariya ta ce, “Abban yara, yawon buɗe ido muka zo ko gudun fanfalaki?” Ƙarshe huɗu muka gani, kuma ban yi da-na-sani ba.

Ranar Litinin bayan mun koma sabon masauki, barci muka yi har la'asar. Turkiyya tana gaban Najeriya da awa 2, ga gajiyar jirgi, babu amfanin jan kowa waje. Da yamma muka hau tarago, layin da ake kira T1, tasha biyu kacal daga Sirkeci muka sauka Sultanahmet. Wannan layin shi ne ƙashin bayan tsohon birni, yana bi ta Eminonu, Sirkeci, Gulhane, Sultanahmet, ya wuce ta bakin babbar kasuwa har Laleli da Aksaray. Kati ake saya mai suna Istanbulkart, ka zuba masa kuɗi, da shi za ka hau tarago da bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Shi ya sa na ce masauki kusa da wannan layin ya fi masauki mai kyan gado.

A dandalin Sultanahmet manyan gine-gine biyu ne suke kallon juna. Ɗaya Masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya 6, wanda aka fara ginawa a 1609, Turawa suna ce masa shuɗin masallaci saboda tayil sama da 20,000 da aka ƙawata cikinsa da su. Ɗayan kuma Ayasofya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453 lokacin da Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan ta koma masallaci a 2020. Tun 2024 masu yawon kallo 'yan ƙasar waje kuɗi suke biya su shiga ta ƙofarsu daban. Mu lokacin Magariba muka daidaita, muka yi salla a Sultan Ahmed, muka zauna a dandali yara suna bin kyanwoyi. Garin nan cike yake da kyanwa, kuma ba mai korarsu. Ayasofya daga waje muka kalle ta, layin ya yi tsawo, na dubi Hajiya na ce ya isa.

Ranar Talata na yi niyyar fadar Topkapi. Ma'aikacin otal ne ya tare ni ya ce ai ranar Talata a rufe take. Kun ga wani kuskuren kuma da na kusa yi. Babbar kasuwarsu mai rufi, Kapalicarshi, ita kuma Lahadi ba ta buɗewa. Mai kwana biyu ba shi da gobe, don haka ka duba ranar hutun kowane wuri tun kana gida.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambayi Hajiya me take so ta gani. Ta ce ta taɓa ji a wajen karatu cewa kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari a garin nan yake. Haka ne kuwa. Shi ne wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sauka a gidansa lokacin da ya yi hijira zuwa Madina, ya kuma rasu a yaƙin da aka kawo wa birnin nan a zamanin Mu'awiya. Unguwar ma sunansa take ɗauke da shi, Eyup Sultan. Daga Eminonu akwai tarago da ke bin gefen ruwa har can, ba hawa ba gangara. Muka je da hantsi, muka yi Azahar a masallacin. Hajiya ta daɗe a zaune a harabar, ta yi shiru. Da muka fito ta ce, “Ka ga mutumin Madina ya riga mu zuwa nan, mu kuma gidansu za mu.” Wallahi duk kuɗin da na yi asara a otal ɗin farko, a nan na daina jin zafinsu.

Bayan Azahar kowa ya koma ɗaki. Wannan dokar ba na karya ta: fita ɗaya da safe, hutu da rana, fita ɗaya da yamma. Yaron da bai yi barcin rana ba shi zai tsara muku sauran yinin, kuma ba za ku ji daɗin tsarinsa ba. Lokacin hutun ne maiɗakina ta hau tarago ita kaɗai ta tafi Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu masu saro kaya suka sani sarai, ni kuma na zauna da yara. Ba dole ne kowa ya je ko'ina ba. Jan yara cikin kasuwa azaba ce gare su, azaba ce ga mai ciniki.

Da yamma muka yi abin da ya fi komai arha, kuma shi yaran suka fi so. Muka je Eminonu muka hau jirgin ruwan da mutanen gari suke hawa zuwa aiki, da katin nan dai, muka tsallaka zuwa Uskudar. Tafiyar ba ta fi minti 20 ba, amma ka tashi daga Turai ka sauka a Asiya. Kowa a zaune, ba mai tafiya da ƙafa, ana sayar da shayi a ciki. Muka sayi simit, wani burodi ne zagayayye mai riɗi, yaron yana gutsura yana jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a sama. Akwai masu tallar yawon jirgi na musamman a bakin ruwa, masu tsada, na awa biyu ko fiye. Da ƙananan yara ba ka buƙatarsa. Iska tana da sanyi a kan ruwa, ka riƙe musu rigar sanyi, musamman daga Nuwamba zuwa Maris.

Abinci kuwa, ku nemi irin gidajen da ake jera tukwane a bayan gilashi ka nuna da yatsa, suna ce musu lokanta. Akwai shinkafa da kaza, da miyar adas, da ƙwallon nama da suke kira kofte. Ba sai ka iya Turkanci ba, kuma ya fi na bakin dandali sauƙin kuɗi. Duk inda za ka zauna, ka ga farashi a rubuce kafin ka ce a kawo.

Ranar Laraba da safe muka raba ƙafa. Maiɗakina da Auta suka zauna a lambun Gulhane, wanda ke jikin fadar, shiga kyauta. Ni da Hajiya da yaron muka shiga Topkapi, fadar da sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400. Faɗi gare ta sosai, mai son ya gama ta sai ya ba ta rabin yini. Mu ɓangare ɗaya muka nufa, inda aka ajiye kayayyakin da ake jingina wa Annabi da Sahabbai, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba dare ba rana. Muka gani, muka fito, ba mu tsaya leƙa kowane ɗaki ba.

Sai komawa filin jirgi, kuma a nan mutane suke ƙonewa. Ka lissafa daga baya: awa 3 kafin tashi ka kasance a filin, ka ƙara aƙalla awa ɗaya da rabi na hanya saboda cunkoso, ka ƙara rabin awa na “ina takalmin Auta?” Sabon filin nan girma gare shi, daga inda ake duba fasfo zuwa ƙofar jirgi tafiya ce mai tsawo. Idan kana da tsoho, ka nemi keken marasa lafiya daga kamfanin jirgi tun kwana biyu kafin tafiya, ba a biyan komai. Hajiya da farko ta ƙi, wai ita ba gurguwa ba ce. Da ta ga tsawon hanyar, da kanta ta zauna.

Alhamdu lillahi, ta yi ɗawafinta da ƙafarta, ta yi Safa da Marwa da ƙafarta. Wurare bakwai da ban gani ba suna nan a takarda, Hasumiyar Galata da Masallacin Sulaimaniyya da sauransu, in da rai da rabo wata rana. Yau idan ka tambayi yaron me ya gani a Turkiyya, tsuntsaye zai ce maka. Auta kyanwa. Hajiya kuwa duk wanda ya zo yi mata sannu da zuwa sai ta ba shi labarin Abu Ayyuba kafin ta miƙa masa dabino da zamzam.

Don haka kafin ka danna biya, ka dubi mutanen da za ka tafi da su, ka tambayi kowa abu ɗaya da yake so ya gani, ka tura wa otal saƙon nan na lifta. Wanda kuma ya taɓa yada zango da iyali a Alƙahira ko Doha ko Addis Ababa, ya ba mu labarin yadda ya kaya, mu ma mu ƙaru, wataƙila mu karanto shi a shiri na gaba.

Nan za mu dakata. Allah ya kai kowa inda yake fata lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, wassalamu alaikum.